Na-Sani da Hoton Ƙafar Surukinsa

A wani layi mai shaguna gefe da gefe, tsakanin shagon aski da na mai gyaran waya, akwai wani mai ɗaukar hoto da kowa ke kira Na-Sani. Sunan bai faɗo daga sama ba. Ko me ka fara gaya masa, kafin ka kai rabi zai tare ka da "Na sani." Ranar da aka zo shaida masa matarsa ta sauka, bai bari an ƙarasa ba ya ce ya sani, ya ruga kasuwa ya sayo 'yan kunne, ya dawo ya tarar da ɗa namiji.

Aikinsa kam ya iya, musamman gyaran hoto a kwamfuta. Ka shiga da ƙuraje ka fito sumul. Mai tumbi ya rage masa, mai sanƙo ya shuka masa gashi. Akwai wata tsohuwa da ya gyara wa hoto har jikokinta suka tambaye ta wace ce wannan. Amma tun da wayoyi suka cika hannun mutane kasuwa ta ja baya, sai ɗan hoton fasfo jefi-jefi.

Ana nan sai ƙaramin asibitin da ke ƙarshen layin ya kawo sabuwar na'urar hoton ƙashi. Ba irin ta da ba ce, wadda ake miƙa maka baƙar leda ka ɗaga a rana. Wannan ana ɗauka hoton ya bayyana a allon kwamfuta nan take, in kana so a turo maka a waya. Matsalar guda ce: likitar ƙashi ranar Alhamis kaɗai take zuwa. Sai mutum ya yi kwana uku ko huɗu yana yawo da ƙashinsa a aljihu, bai san me ake ciki ba.

Na-Sani ya kwana da abin, ya tashi da shi. Da safe yana shan shayi ya dubi matarsa, wadda ke koyarwa a firamare.

"Malama, arziki ya zo ƙofar shagona yana sallama. Zan fara fassara wa mutane hoton ƙashi."

Ta ajiye kofi. "Kai ɗin?"

"Shekara ashirin ina kallon hoto. Likitar nan shekara nawa ta yi?"

"Ita ƙashi ta karanta, Maigida."

"Ni kuma hoto na karanta. Ki faɗi sunan abin ki ji. Hoton ƙashi. Wanne ya fara zuwa?"

"Kai da ko kaza ake yankawa sai ka juya baya."

"Na sani. Hoto ba ya jini."

Kafin azahar ya rataye allo a ƙofar shago: ANA BUGA HOTON ƘASHI, ANA GYARAWA, ANA FASSARAWA. Ya kuma samo farar riga a wurin masu gwanjo. Mai gyaran waya ya leƙo, ya ce rigar ta masu girki a otal ce, ga maɓallai layi biyu. Na-Sani ya ce manyan likitoci ma haka tasu take, ƙanana ne ke da layi ɗaya.

Mai aski ne ya fara shigowa. Kafaɗarsa ta dama ta kwana biyu tana damunsa, an ɗauke shi hoto da safe. Na-Sani ya sa hoton a kwamfuta, ya faɗaɗa, ya matso da fuska har hancinsa na neman taɓa allon. Ƙasusuwa ya gani farare cikin duhu, bai san gabansu ba balle bayansu. Can a kusurwa sai idonsa ya faɗa kan wani harafi fari fat, R.

Ya jingina da kujera, ya ja dogon numfashi.

"Maƙwabci, ka ga wannan harafin? Na'urar da kanta ta yanke hukunci. R. Rauni ke nan."

Mai aski ya dafe kafaɗa. "Babba ne?"

"Kai ma dubi harafin. Ƙarami aka rubuta ko babba?"

Nan take ya yanko wani yanki daga tsohon labulen da ake ɗaukar hoto a gabansa, ya rataye wa mai aski hannu a wuya, ya ce ko ƙuda kada ya kora da shi har sai ƙashin ya huce.

Bayan shi tela ya shigo yana ɗingishi, da hoton gwiwarsa ta hagu. A kusurwar nasa hoton L aka rubuta. Na-Sani ya ji kamar an buɗe masa ƙofar ilimi gaba ɗaya.

"L. Lafiya. Tashi ka tafi, Allah ya rufa maka asiri."

"Amma fa tana ciwo."

"Gwiwar ce ba ta samu labari ba tukuna. Ka ba ta kwana biyu."

Mai gyaran waya, wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare, ya ce, "Na'urar nan daga ƙasar waje aka kawo ta. Yaushe ta koyi Hausa?"

"Kai ba ka saita wa mutane waya ta koma Hausa?"

Mai gyaran waya ya koma shagonsa yana sosa ƙeya. Wannan komawar tasa ta fi allon ƙofa yi wa Na-Sani talla.

Mai aski kuwa yana da iyali, ba zai rufe shago ba. Ya ci gaba da aski da hannun hagu. Mutum na farko ya fito kansa kamar gonar da awaki suka kwana a ciki. Na biyu ya shiga a gyara masa gemu, ya fito da rabi. Kafin la'asar mai sayar da huluna na bakin titi ya sayar da abin da bai sayar a wata guda ba, har ya aiko a gaida Na-Sani.

Ranar Litinin abin ya shigo gida. Mahaifin Malama, tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye aiki, mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya hau tsani zai canja ƙwan fitila, tsanin ya zame, ya dira a kan ƙafarsa ta hagu. Malama ta kai shi asibiti. Aka ɗauki hoton idon sawun, nas ta naɗe ƙafar, ta ba shi magani, ta ce kada ya kuskura ya taka har sai likita ta gani ranar Alhamis. Aka turo hoton a wayar Malama. Da yake gidan tsohon da nisa, ta kawo shi nasu da ke saman shagon, aka kama shi aka hau da shi bene.

Washegari tana shirin fita makaranta ta tsaya a gaban mijinta.

"Maigida, Baba ba na shagonka ba ne. Ka ji ko?"

"Na sani."

Abin da ba ta sani ba shi ne tana wanka ya riga ya tura hoton zuwa tasa wayar.

Yana buɗe shago ya sa hoton a kwamfuta. Abu na farko da ya nema shi ne kusurwa. L. Ya yi murmushi. Sai dai akwai wani siririn baƙin layi kamar gashi da ya ratsa ƙashin daga gefe. Ya hura wa allon iska, layin na nan. Ya goge da hannun riga, layin na nan. Ya yi tsaki.

"Na'ura sabuwa, amma ba sa goge gilashinta."

Cikin minti biyu ya share layin kamar yadda yake share ƙurji. Da ya ga hannunsa ya faɗa, sai ya lura da wani faffaɗan duhu tsakanin ƙasusuwan, inda ƙauri ya haɗu da sawu. Shi ma ya cike shi, ya shafe, ya ƙara haske. Ƙafa ta fito santala, fara tas, kamar an sassaƙa ta da alli. Ya buga hoton babba, ya sa a firem mai ruwan zinariya, ya hau bene da shi.

Ya durƙusa ya gaida surukinsa, sannan ya juyo da firem ɗin.

"Baba, albishirinka. Ga ƙafarka."

Tsohon ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. "Tawa ce wannan?"

"Taka ce. Ka ga L? Lafiya ke nan. Ko tabo babu."

"To me ya sa yarinyar asibitin ta ce kada in taka?"

"Baba, ka yi shekara talatin kana tuƙi. Motar da aka ajiye ba a tayarwa, me ke samunta?"

"Batir ya mutu."

"To haka ƙafa take."

Maganar ta shigi tsohon, don dama kwanciyar ta ishe shi. Suka warware bandeji. Na-Sani ya ce a sa takalmi sau-ciki a ɗaure igiya tamau, domin ƙashi na son a riƙe shi. Aka sauko bene da kyar, tsohon na cije leɓe. A ƙasa Na-Sani ya sa farar rigarsa, ya ɗaga firem sama da kansa, ya ce za su je ƙarshen layi su dawo, jini ya zagaya.

Suka kama hanya, firem a gaba, tsoho a baya. Masu shaguna suka fito.

"Jiya a kafaɗa aka kawo shi," in ji Na-Sani ga duk wanda ya tsaya. "Yau ga shi da ƙafarsa. Ku tambaye shi."

"Baba, ya jikin?" in ji tela.

"Da sauƙi," tsohon ya amsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Ka ji ko? Da sauƙi."

"Ai ko a makara ka tambayi dattijo, da sauƙi zai ce," in ji mai gyaran waya.

A gaban shago na shida tsohon ya tsaya ya rungume sandar fitilar titi. Ya ce shi fa yana jin wani abu na motsi a cikin ƙafar, irin na giyar mota wadda haƙorinta ya karye. Na-Sani ya ce ciwon ne ke tattara kayansa zai fita. Tsohon ya ƙara taku uku, ya zauna daɓas a kan buhun wani mai kanti, ya ce ko da bulala ba ya ƙara ɗaya.

Aka zo cire takalmi, takalmi ya ce bai san zancen ba. Ƙafa ta kumbura ta cika shi, har tana leƙowa ta sama kamar ƙullun da aka sa wa yis. Mutum biyu suka ja, tsohon ya yi wata ƙara da ta sa mai kantin ya saki ma'auni. Tela ya ɗingisa ya ɗauko almakashinsa. Mai aski ya ce a ba shi ya yanka, jama'a suka dubi kawunan da ya aske da hagu, suka ce a'a, a bar wa tela.

Ana cikin yanka takalmin Malama ta sauko daga mota da littattafan 'yan makaranta a hannu. Ta dubi taron, ta dubi ƙafar mahaifinta, ta dubi firem. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi tsorata Na-Sani.

"Maigida, me na ce maka da safe?"

"Kumburin alheri ne, Malama. Jini ne ya taru yana murna."

"Ka ɗauke shi."

"A samo amalanke..."

"A bayanka."

Haka ya goyo surukinsa tun daga shago na shida har saman bene, farar riga ta jiƙe sharkaf, tela na biye da su riƙe da firem da rabin takalmi.

Duk da haka bai sare ba. Ranar Alhamis ya ce zai raka su asibiti ya yi wa likita bayani, irin na abokan sana'a. Rabin layin suka biyo baya, mai aski da hannu a rataye, tela da nasa ɗingishin, mai gyaran waya kuma ya ce ko shago zai ƙone sai ya ga ƙarshen wannan zance. Ɗakin likitar ƙarami ne, ƙofarsa a buɗe take saboda zafi, duk abin da aka faɗa masu jira a benci suna ji.

Likitar mace ce mai sanyin magana. Kafin ta buɗe kwamfutarta Na-Sani ya ɗora firem a kan teburinta.

"Na rage miki aiki, Likita. Na duba, na wanke, ga shi."

Ta gyara tabarau. Ta kalli hoton, ta kalli ƙafar tsohon da ke kan keken marasa lafiya, ta sake kallon hoton.

"Shekarata goma sha biyar a wannan aiki," in ji ta, "ban taɓa ganin ƙafa mai kyan wannan ba."

Na-Sani ya waiwaya ya dubi mai gyaran waya.

"Sai dai mai ita ba zai iya tafiya ba. Babu gaɓa. Ƙaurin da sawun a haɗe suke kamar taɓarya. Ina mahaɗar ta tafi?"

"Wani duhu ne a wurin, na cike shi."

"Ka cike."

"Bai yi kyau a ido ba."

Ta danna kwamfutarta, hoton asali ya fito. Ta juyo da allon yadda kowa zai gani, ta faɗaɗa gefen ƙashin, ta ɗora bakin biro a kan siririn layin.

"Wannan fa?"

"Datti ne a gilashin na'urarku. Ban so in faɗa a gaban mutane ba."

"Wannan ita ce tsagewar. Saboda ita aka ɗauki hoton."

Na-Sani ya ji rigar ta yi masa nauyi, amma ya tuna yana da sauran harsashi guda. Ya miƙa yatsa ya nuna kusurwar allon.

"To in akwai tsagewa, me ya sa na'urarku ta rubuta L? Ko ita ma ba ta san aikinta ba?"

"Me L ɗin ke nufi a wurinka?"

"Lafiya. R kuma rauni. Kowa ya san wannan."

Likita ta cire tabarau, ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa don dariya. Da ta samu numfashi ta kira ma'aikaciyar ɗakin hoto, ta ce ta kawo alamomin. Matar ta zo da wasu 'yan ƙarafa biyu kamar maɓalli, ɗaya L ɗaya R. Ta ce ita ke ajiye su da hannunta a gefen mara lafiya kafin ta ɗauka. Harufan farko ne na hagu da dama a Turanci, don kada a rikita ƙafar hagu da ta dama.

Daga bakin ƙofa mai aski ya ce, a hankali, "Likita, wanda aka rubuta wa R a kafaɗa fa?"

Ta nemo hotonsa, ta duba. "Kafaɗarka ta dama ce. Ƙashinka lafiya lau, gajiya ce ta tsoka. Wa ya rataye maka hannu da labule?"

Duk kawunan da ke wurin suka juya gefe guda, har da masu huluna sababbi. Mai aski ya kwance labulen, ya ninke shi da hannu biyu, ya ɗora wa Na-Sani a kafaɗa.

"Kwastomomina bakwai sun koma wani shago," ya ce. "Ɗaya ango ne."

"Ni kuma tawa L ce," in ji tela.

Likita ta duba tasa, ta ce gwiwar ta fara cinyewa, yana bukatar magani da motsa jiki na musamman, ya dawo ta gan shi bayan tsohon. Tela ya juya ga Na-Sani ya ce, "To, yanzu ta samu labari."

Aka sake ɗaukar ƙafar tsohon. Aka jera hoton Litinin da na Alhamis a allo ɗaya. Layin da yake kamar gashi ya zama kamar igiyar takalmi. Likita ta ce Allah ya taimaka ƙashin bai goce ba, da sai an yi aiki. Amma filastar da zai yi sati shida da ita yanzu sai ta kai goma. Tsohon ya saurara har ta gama, sannan ya juyo da kansa wajen surukinsa.

"Ɗana."

"Na'am, Baba."

"A zamanina na ga makanikai iri-iri. Na ga wanda ya manta sufana a cikin inji. Amma wanda zai ga taya ta fashe, ya ɗauki hotonta ya yi wa hoton faci, ya ce a hau hanya, sai a kanka."

Dariyar da aka yi a bencin nan sai da nas ta fito daga ɗakin allura ta ce a tuna asibiti ne. Mai gyaran waya bai tsaya ba, ya riga kowa komawa layi. Kafin su iso har mai sayar da huluna ya ji, allon ƙofar shago kuma wani ya riga ya juya shi ya fuskanci bango.

Malama ta yanke hukunci a cikin mota, cikin jimla biyu. Baba zai zauna a wurinsu har a cire filasta. Kuma da yake ba ya son zaman ɗaki, za a sauko da shi kowace safiya ya sha iska a ƙofar shago, a mayar da shi da yamma. Ba ta faɗi wanda zai riƙa ɗaukarsa ba, ba a kuma tambaya ba.

Matakalar benen ashirin da biyu ce. Na-Sani ya san kowace ɗaya da gwiwarsa. Tsohon kuwa ya samu aikin yi, yana zaune a kujera da farar ƙafarsa a kan benci, duk wanda ya zo hoton fasfo sai ya tsayar da shi ya ba shi labari tun daga tsani, sannan ya gargaɗe shi ya ƙirga kunnuwansa kafin ya karɓi hoton.

Wata yamma a sati na uku, suna tsakiyar matakala, Na-Sani na haki da surukinsa a baya, suka yi kiciɓis da sabon maƙwabcin da ya tare a ɗakin sama. Mutumin ya matsa gefe, ya yi wa tsohon sannu, ya tambayi abin da ya same shi.

Na-Sani ya tsaya, ya gyara goyon, ya samu numfashi.

"Tsagewar ƙashi ce, irin mai wuyar ganewa. Da farko siririya ce, ko likita sai ta sa tabarau. Ni na yi dabarar da ta fito fili yadda kowa zai gani."

Tsohon ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa masa ƙeya sau biyu, kamar yadda ake buga wa direba jikin mota.

"Ja mu je," ya ce. "Saura goma sha ɗaya, kuma akwai kwana a gaba."